Gwaggo Sista da Ƙirjin Ɗan'uwanta

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Gwaggo ta riga mu.

Washegarin jana'izarta gidanmu na Sabon Gari, nan Jega, bai ɗauki jama'a ba. Tabarmin gida suka ƙare, aka aro na masallacin unguwa, su ma suka ƙare. Mahauta sun zo da ƙaurin tukuba a jikin rigunansu. Direbobin tasha sun jera motocinsu har bakin kwalbati. Wajen hantsi sai ga mota guda cike da ma'aikatan jinya daga birni, wasu ma ba su samu sun cire fararen kayansu ba.

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta shigo tsakar gida ba sallama, kukanta ya fi kama da faɗa.

"To yanzu wa za shi auna min jini? Ku gaya min, wa?"

A bayana kuma na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita, "Ikon Allah. Mai gyaran zuciyar mutane, ga shi tata ta ci amanarta."

A bakin zaure wani manomi daga Danwarai ya zauna a ƙasa, ya ƙi tabarma, ya ƙi abinci. Duk wanda ya yi masa magana sai ya ce, "Ku bar ni nan." Ni kuwa duk wadda ta zo gabana sai ta riƙe hannuna ta ce, "Sannu, kin yi ƙoƙari." Ban taɓa jin maganar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Shi ya sa na zauna rubuta abin da na sani game da ita, tun ban fara gyara shi a raina ba.

Su uku ne a ɗakinsu. Baffa ne babba, sai Gwaggo, sai mahaifina. Gari kuwa da Sista ya san ta. Ta fi shekara talatin tana aikin jinya a wani babban asibiti a birni, kuma mafi yawan shekarun a ɗakin kulawa ta musamman ta yi su, ɗakin da ake kwantar da wanda ke tsakanin rai da mutuwa, a liƙa masa wayoyi a ƙirji, allo a saman gadonsa yana zana bugun zuciyarsa. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ta ɗauke ni bayan na gama sakandare, ta sa ni makarantar jinya, daga baya kuma aka tura ni aiki ƙarƙashinta.

Ba zan ce mai sanyin hali ce ba, don ƙarya ba ta amfanin mamaci. Gajeruwa ce, mai kaurin hannu, mai saurin tsawa. A satina na biyu a ɗakin, allon wani dattijo ya ɗauki ƙara, layin da ke tsalle ya miƙe sumul. Na ƙwala ihu, na ruga na jawo injin shokin, wanda ake farfaɗo da zuciya da wutar lantarkinsa. Kafin in kai gadon sai na ji an make mini hannu.

"Ina za ki da shi?"

"Sista, zuciyarsa ta tsaya!"

"Dube shi."

Na duba. Dattijon yana zaune yana sosa ƙirji, waya ɗaya ta fita tana lilo.

"Inji ba shi da ido," in ji ta. "Kafin ki gaskata shi, taɓa mutum. Kuma ko da gaske ne, layin da ya miƙe ba a yi mishi shokin, danna ƙirji aka yi. Wa ya koya miki?"

Na ce a makaranta an koya mana.

"To ba ki ji ba."

Kwana uku ban ci abinci tare da ita ba. Ba ta ko tambaye ni dalili ba.

Tana da tsohon gwangwanin alawa da take tara guntayen takardun gwajin zuciya a ciki, ta yanke sunayen masu su. Ranar da ba mu da aiki, ina tsintar shinkafa, sai ta zaro ɗaya ta ajiye mini a kan faifan. Ba ta amfani da sunayen littafi sai a gaban likita. Bugun da yake daidai, tafiyar jakin da ya san hanyar gida ne. Wanda ba shi da tsari, yayyafi a kan kwano. Mai sauri da faɗi, haƙoran zarto, kuma idan kin gan shi kin taɓa wuya ba ki ji komai ba, kada ki jira kowa. Na ƙarshe kuwa, wanda zuciya ke karkarwa kawai ba ta tura jini, ba ta sa masa suna ba. Sai dai ta ɗora yatsa a kansa ta ce, "Wanga, minti nawa gare ki?" In ce kaɗan. Ta ce, "Ba ki da ko guda."

Manomin nan na Danwarai, da rana tsaka aka kawo mana shi, lokacin albasa. Ya wuni yana feshin maganin ƙwari a gonarsa, iska tana maido masa, ba ya da abin rufe hanci. An fara kai shi asibiti a Aliero, suka yi abin da za su iya suka turo shi. Ya zo yawu na dalala, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Aka yi ta yi masa allurar da ke karya dafin, ya fara dawowa, har matarsa ta fita yin alwala. Sai allon ya rikice. Ya sume, ya farfaɗo, ya sake sumewa.

Likitan da ke aiki ranar sabon zuwa ne, mai ƙoƙari, ya kira sunan maganin da aka saba bayarwa idan zuciya ta ɗauki gudu. Na riga na fasa kwalbar. Gwaggo ba ta ɗaga ido daga allon ba.

"Likita, da izininka. Dubi layin. Shina girma, shina ƙanƙancewa, shina murɗewa awa igiya. Wanga magani ƙara mishi za shi yi."

Likitan ya matso ya ƙura ido. Ya ce, "Gaskiyarki, Sista. Me muke da shi?"

Ta juyo gare ni. "Ruga ɗakin haihuwa. Ki ce su ba ki allurar da suka yi ma mai ciki in jijjiga ta kama ta. Kada ki tsaya gaisuwa."

Na tafi da takalmi ɗaya na dawo da ɗaya. Likita ya ba da umarni, ta tura maganin a hankali cikin jijiya, idonta a kan agogo. Muna tsaye layin ya warware, ya koma tafiyarsa. Mutumin ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne ko an rufe masa injin ban-ruwa. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, sannan ta balbale shi da faɗa a kan feshi ba kariya, faɗan da ya ce ya fi allurar zafi.

Da a ce labarinta iri wannan ne kawai, da rubutun nan ya yi mini sauƙi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ciwon ƙirji ya kama mahaifina a rumfarsa ta hatsi. Aka ɗauko shi daga Jega, aka kwantar da shi a ɗakinmu, gado na uku. Kwana biyu yana samun sauƙi. A rana ta uku, lokacin ziyara bayan la'asar, Baffa yana zaune a gefensa. Ina jera magunguna na ji Baba ya ce, "Yaya, ina jin tahiya ta zo." Baffa ya riƙe hannunsa ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa ta tiryan-tiryan. Sai idonsa ya juye. Na ɗaga kai na ga allon, na ga wancan layin da ba shi da suna.

Ƙafafuna suka ƙi motsi. Gwaggo ce ta ture ni, ta ture Baffa, ta haye gadon ta ɗora hannuwanta a ƙirjin ƙaninta. Tana dannawa tana ƙirga da ƙarfi. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Baffa ma ya ji.

"Ke! Mi kika yi haka? Ya cika! Bar shi!"

"Ku fitar min da shi," in ji ta, ba ta ko waiwaya ba.

Masinjoji biyu suka janye Baffa zuwa bakin ƙofa, amma ƙofar gilashi ce. Ya ga an ɗora wa ɗan'uwansa ƙarafa biyu a ƙirji, ya ji ta ce kowa ya matsa, ya ga jikin ya zabura daga katifa. Sau uku. A na ukun layin ya tsaya cik, sannan ya yi tsalle ɗaya, ya sake yin wani.

Baba ya dawo, amma ba dukkansa ba. Wata biyar ya yi a gida. Wani lokaci ya gane Inna, mahaifiyata, wani lokaci ya tambaye ta ko ita wace ce. Ni da sunan kakarmu yake kirana. Mutumin da bai taɓa rasa sahun farko ba, sai ga shi ana tayar da sallah yana kallon bango, ya manta Fatiha a tsakiya. Idan ya yi tari sai ya dafe haƙarƙari ya yi kuka kamar yaro. A ƙarshe ya rasu da safe, yana barci, ba kowa a kusa da zai laƙƙana masa komai.

Ranar sadakar uku Baffa ya shigo har cikin gida, abin da ba ya yi, ya tsaya a gaban mata ya nuna Gwaggo da sanda.

"Allah Ya ba shi cikawa mai kyau, da kunnena na ji, kinka ƙwace mishi. Kinka karya mishi ƙirji, kinka sa mishi wuta, don a ce kin iya aiki. To ga aikinki nan, mun gani wata biyat."

Gwaggo tana zaune a kan turmi, ta ce, "Yaya, rai na Allah ne. Da kwanansa sun ƙare ran nan, da ba ni iya komai."

"To mi ya hana ki bari a gani?"

"Ba ni iya tsayawa in kalla."

"Ni kau ba ni ƙara kallonki," in ji shi, ya fita.

Ya kuwa cika maganarsa. Ko a sallah ba ya amsa gaisuwarta. Idan ta shiga gidansa sai ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci. Dangi suka rabu biyu, malamin unguwa ya shiga tsakani ya gaji. Ni kaina, a wancan lokacin, ban san ɓangaren da nake ba. A asibiti na san ta yi daidai, abin da za ta yi wa kowa ta yi masa. A gida kuwa, idan na tuna Baba yana laluben Fatiha, sai in kasa haɗa ido da ita.

Sau ɗaya tak ta yi mini maganar. Muna cikin mota za mu koma birni, mun wuce gonakin albasa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Na yi jinkiri ko na yi gaggawa, ban sani ba. Da na kai gare shi da wuri kaɗan, ƙila da ya tashi da hankalinsa. Da na yi nisa kaɗan, da ya tahi da shahadarsa." Sannan ta ƙara da cewa, "Gobe in wani ya faɗi, hawa zan yi." Ni kuwa na san wadda ta tsaya kusa da gadon ƙafafunta suka ƙi motsi.

Da ta yi ritaya ta dawo Jega, ta mayar da zauren gidanmu wurin awon jini. Ba ta karɓar ko sisi, amma tana karɓar gaisuwa, kuma wanda ya zo bai sha maganinsa ba ya san abin da zai ji. Mahauta take wa faɗa a kan kitse, direbobi a kan lemon ƙarin kuzari da suke ɗirka don kada barci ya ɗauke su. Takan gane masu bugun da ba shi da tsari da yatsu biyu kawai, ta rubuta musu 'yar takarda ta ce su kai birni kada su kwana. Nata bugun ma haka yake, yayyafi a kan kwano, ta san shi shekaru, tana shan magani. Na yi na yi ta dawo wurina inda asibiti yake kusa, ta ce ita ta gama kwana kusa da allo.

Ranar da abin ya faru, suna ake yi a Maiyama. 'Yar Baffa ce ta haihu. Na zo hutu, muka tafi tare tun da safe. Baffa yana waje cikin maza, mu muna ciki. Ana rabon waina ta miƙo mini wuyan hannunta a ƙarƙashin mayafi.

"Taɓa ki ji."

Na taɓa. Gudu yake, yana tuntuɓe, ga goshinta da gumi.

"Tun yaushe?"

"Tun asuba."

"Gwaggo, tashi mu tafi. Yanzu."

"Bari a raɗa ma yaron suna. In na tashi yanzu sai a ce don na Yaya ne na ƙi zama."

Da majinyaciya ce a ɗakina, da ban saurare ta ba. Amma Gwaggo ce, ban taɓa yi mata musu na ci ba. Na ce to, ana shafa fatiha mu tafi. Ta ce to.

Ba a kai ga shafawa ba. Ta miƙe za ta ɗauki buta, sai ta sulale a jikin bango. Na taɓa wuyanta, babu komai. Na kwantar da ita a kan siminti na fara dannawa, ina ƙirga da ƙarfi kamar yadda take yi. Mata suka ɗauki salati. Wata ta kama kafaɗata tana cewa in ji tsoron Allah in rufe ta. Sai na ji muryar Baffa a kaina.

"Ku ba ta wuri! Kowa shi matsa! A kawo mota!"

A-kori-kurar wani maƙwabci aka samu, bayanta duk ɓawon albasa. Aka shimfiɗa ta a ciki, na haye, Baffa ya ce a ɗaga shi shi ma, tsoho mai sanda. Na san abin da ke faruwa a cikin ƙirjinta kamar ina kallon allo. Na san abin da take buƙata, kuma na san injin da na tabbata yana aiki yana can birni, tafiyar da zuciyar da ta tsaya ba ta jira. Duk da haka na yi ta dannawa. Mota tana faɗawa rami, gwiwoyina suna gurzar ƙarfe. Na hura mata iska, na koma na danna. Ƙashi ya karye a ƙarƙashin hannuna. Baffa ya riƙe kanta a cinyarsa, yana kiranta da sunan da ba wanda ya ƙara kiranta da shi tun rasuwar kakarmu.

Kafin mu shiga Jega na buɗe idonta na duba. Na sake dubawa. Na janye hannuwana.

"Mi kinka tsaya yi?" in ji Baffa. "Ci gaba! Ɗiyata, ci gaba mana!"

"Baffa, ta cika."

"Ita ran babanki ba ta tsaya ba! Ni na gani, ba ta tsaya ba!"

Na ce, "Baffa, yi mata addu'a." Na jawo mayafinta na rufe mata fuska. Direba ya rage gudu da kansa.

Bayan sadakar uku, da jama'a suka ragu, Baffa ya aiko in same shi a zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Da munka kai ta inda injin nan yake, da ta tashi?"

"Ban sani ba, Baffa. Da na fitar da ita tun da ta nuna mini, ƙila."

Bai ce laifina ne ba, bai kuma ce ba laifina ba ne. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina jiran ta zo ta ce in yahe mata. Ban taɓa tunanin ni ne zan nema in rasa ba. Ta tahi da ni a ranta, ko?"

A nan na yi abin da ta hana ni. A gefen tabarmarsa akwai 'yar robar maganin hawan jini da yake sha kullum. Na nuna ta.

"Wa yake kawo maka wannan, Baffa?"

"Yayanki, daga Aliero. Duk wata."

"Hannunsa ne kawai. Gwaggo ce take saye. Shi yake zuwa ya auna ka, ya kira ta ya faɗa mata, ita ta ce a ƙara ko a rage, ta tambayi likita in ta yi shakka. Shekara takwas ke nan. Ta ce in ka sani ba za ka sha ba, kuma duk ranar da na faɗa ba ta yafe mini ba."

Ya ɗauki robar ya juya ta a hannunsa. Na yi zaton sauƙi zan ba shi. Da na ga fuskarsa sai na rasa ko sauƙin na ba shi, ko wani kayan na ɗora wa tsoho. Ya saka robar a aljihu, ya laluba sandarsa, ya miƙe da ƙyar. Na ce rana ta take, ya bari sai la'asar. Bai saurare ni ba. Na tsaya a bakin zaure ina kallonsa ya bi hanyar maƙabarta shi kaɗai, yana tafe yana hutawa, har ya sha kwana.

Ya Allah, Kai ne Ka san abin da ta yi daidai da abin da ta kuskure, da nawa, da nasa. Ka yafe mata, Ka haskaka makwancinta, Ka haɗa ta da ƙaninta a inda ba ciwo. Ita kuma, in har ana jin na duniya a can, ta yi haƙuri da ni. Sau biyu na saɓa: ranar da ya kamata in ƙi jin maganarta na ji, ranar da ta ce in yi shiru kuma na faɗa.